A duba laimar hatsi kafin a kai shi kasuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana kan kasuwar manoma yanzu da kaka ta kama, domin asarar da ake tafkawa tsakanin gona da rumfa tana damunmu ƙwarai.

Ranar kasuwa da kaka abar sha'awa ce. Buhuna jibge, mai saye ya cusa hannu cikin hatsi yana murzawa, 'yan dako na kai da komo, manoman da rabonsu da juna tun shuka suna gaisawa. Amma a lura da rigimar da kan tashi bayan mako biyu ko uku, sa'ad da mai saye ya dawo da buhu yana wari. Galibi ba ha'inci ba ne, laima ce.

Masara ba ta ajiyuwa sai laimarta ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100. A gona kuwa akan karye ta tana da kashi 20 ko fiye. Manomi na matse da buƙatar kuɗi, sai ya yi shanyar kwana biyu ya ɗure a buhu. Hatsi abu ne mai rai, yana numfashi, sai buhun ya ɗauki zafi daga ciki, hunhuna ta kama. Wata hunhunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da gubar aflatoksin, wadda ke lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Abin takaici, irin wannan hatsin da aka karya wa farashi shi marar ƙarfi ke saya wa iyalinsa.

Gwajin laimar hatsi ba shi da wuya ko babu na'ura. A sami kwalba mai murfi, busasshiya ƙayau. A zuba hatsi ya kai sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sarai. A rufe, a girgiza na minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. A kan tamfol ko siminti za a baza, ba ƙasa ba, kauri kada ya wuce yatsa uku, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka.

Buhun ajiyar hatsi mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, don iska ce ke ƙare musu. Sai dai kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban, kuma huda ɗaya ta ɓata aikin. Ɗanyen hatsi a cikinsa tsami zai yi.

Tumatir kuma nauyin 'yan'uwansa ke fasa shi. A tsinka da sanyin safiya lokacin da ya fara nuna, a zuba a akwatin roba mai ramuka da ba ya wuce kilo 25, a ware wanda ya fashe tun a gona. Albasa kada ta fito kasuwa sai wuyanta ya bushe.

Kiranmu ga shugabannin kasuwa shi ne su haɗa gudummawa su sayi na'urar auna laima guda ɗaya da sikeli guda na kowa da kowa, a ajiye su a bakin shiga, a hannun mutumin da masu saye da masu sayarwa suka amince da shi. A tanadi inuwa ga masu kayan gwari, da katako na ɗora buhuna, a bar tazarar rabin mita tsakaninsu da bango. Ƙananan manoma kuma su haɗa kaya a mota ɗaya su raba kuɗin, su yi ciniki da murya ɗaya, don kada mai buhu biyu ya sallama kayansa da yamma saboda tsoron komawa da su gida.

Naku,
Wasu malaman gona