Ku Janye Maganar Gasa Gyambon Kwanciya da Ruwan Zafi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Amsar da baƙonku ya ba baiwar Allahn nan da ta bugo waya daga Jega a shirinku na rediyo na kula da dattawa na daren Talata ba daidai ba ce, kuma tana iya kai tsohuwar nan kabari. Ta ce surukarta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, wani wuri a ƙugunta ya yi baƙi ya yi tauri. Shi kuwa ya ce ta gasa da ruwan zafi, ta murza da man kaɗe. Haba! Kun ɓata rabin shirin kuna yabon dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, amma tambaya ɗaya da ta shafi ran mutum aka sallame ta cikin minti guda.

Abin da matar ta bayyana farkon gyambon kwanciya ne. Nauyin jiki ke danne nama tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki kafin fata ta nuna. Murza irin wannan wuri ƙara tsinka ƙananan hanyoyin jinin yake yi. Ruwan zafi kuma ya fi muni, domin wanda ɓarinsa ya shanye, ko mai ciwon suga, sau da yawa ba ya jin zafin da zai sa ya janye jiki. Sai a wayi gari da ƙuna a kan gyambo.

A fatarmu ba lalle a ga ja ba. Abin dubawa shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya fi ɗumi ko tauri in an taɓa. A duba ƙugu daidai ƙashin wutsiya, kwatangwalo biyu, diddige, idon sawu, gwiwar hannu, kafaɗa da ƙeya, kullum, da rana ko da tocila mai haske.

Maganin farko juyi ne, duk bayan awa biyu, dare da rana. Gidaje da yawa suna juya tsoho a lokutan salla kawai, alhali daga Asuba zuwa Azahar ya kai awa bakwai ko fiye. A raba aikin tsakanin 'ya'ya da jikoki, a sa ƙararrawar waya, kada a jibga wa matar ɗa ita kaɗai. In za a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗora shi kan ƙashin kwatangwalo kai tsaye. A ɗan karkata shi, a tokare bayansa da matashin kai, a sa wani tsakanin gwiwoyi. In rigingine ne, matashi ya shiga ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddige zai tashi daga katifa. Wurin da ya riga ya canza launi kuwa, ba a sake kwantar da shi a kansa sam. Kuma ba a jan mara lafiya a kan shimfiɗa, jan yana saɓule fata. Mutum biyu su kama zanen da ke ƙarƙashinsa su ɗaga.

Ledar da ake shimfiɗawa don fitsari ma tana ɓarna. A zafin Maris da Afrilu na Birnin Kebbi, fatar da ke manne da leda jiƙewa take da gumi ta yi laushi, sai ta fashe. A rufe ledar da zanen auduga, a miƙe shi sosai kada ya tattare, a kakkaɓe ɓurɓushin abinci. Da ya yi fitsari ko bayan gida a wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, a tsane ta hanyar dannawa a hankali. A nan ne man kaɗe ke da amfani, shafawa sama-sama a lafiyayyar fata don kada ta bushe.

In fata ta buɗe, a tafasa ruwa lita ɗaya, wato fiya wata leda biyu, da gishiri cokalin shayi biyu a shafe, a bari ya huce, a wanke da shi, a rufe da bandeji mai tsabta, sannan a nemi ma'aikacin lafiya ya gani. Ban da toka, ban da kanwa, ban da fasa kafso a barbaɗa garinsa. In ana jin wari, ko ruwa na fita, ko naman ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya zo, ko tsohon ya fara ruɗewa, ba zaman gida ba ne. A kai shi babban asibiti mafi kusa, na cikin gari kuma ga Asibitin Sir Yahaya nan.

Gyambo ba ya warkewa da koko zalla. Ana buƙatar ƙwai, wake, nono, awara, kunun gyaɗa, da kifi, wanda Allah Ya hore mana daga Argungu har Yawuri. Masu rage wa tsoho ruwan sha don kada ya yawaita fitsari su ji tsoron Allah su daina. A zaunar da shi kafin a ba shi abinci, a bar shi zaune rabin awa bayan ya gama, don kada ya shaƙe abincin ya faɗa huhu.

  

Ina roƙon ku janye waccan amsa a farkon shirin mako mai zuwa, a fili, ku kawo ma'aikaciyar jinya da ta saba wankin gyambo ta yi bayani. Lambar matar Jega tana wajenku, ku kira ta yau.

Wassalam.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Birnin Kebbi