Rahoton Ƙungiyar Iyaye da Malamai na Shekarar Karatu ta 2024/2025

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, malamai da sauran 'yan ƙungiya.

Ga bayanin abin da muka yi da amanar da kuka ɗora mana. A zango na farko mun gyara bencina da suka karye, mun kuma sake shafa wa allunan azuzuwa baƙi. Rufin aji uku kuwa har yanzu yana yoyo, domin kuɗin ƙungiya bai shigo yadda aka yi alkawari ba. Masu bashi sun san kansu.

Aikin da ya fi tsaya mana a rai shi ne bikin cikar 'yan aji ɗaya kwana 100 a makaranta. Malamar ajin ce ta kawo shawarar. Al'ada ce ta makarantun firamare a Amurka, inda yara ke ƙirga ranakun karatu tun daga ranar farko. Da farko wasu dattawan kwamiti sun ɗaga gira, suna cewa wani sabon salon tatsar iyaye ne. Malama ta ce ba ta neman ko sisi, kowane yaro ya zo da abu ɗari daga gida kawai. Da aka cire Asabar da Lahadi da hutu, ranar ta faɗo ƙarshen Fabrairu, gab da azumin da aka ɗauka ranar 1 ga Maris.

Ranar sai ga yara da gyaɗa, da wake, da ƙwallon dabino, da murafen kwalba. Wata yarinya ta zo da tsinken tsintsiya, mahaifiyarta na biye da ita tana cigiyar tsintsiyarta. Aka baza tabarmi, kowa ya kasa kayansa goma-goma har kashi goma. Yaron da wata biyar yana rera "ɗaya, biyu, uku" kamar waƙa, ranar ya ga ɗari da idonsa, ya taɓa ta da hannu. Masu gyaɗa dai lissafinsu bai cika ba, kuma ba sai mun faɗi inda ragowar ta shiga ba.

Bayan tara aka koma karatu. Yara suka yi ta kawo kalmomi malama na rubutawa a allo har suka cika ɗari, aka ja layi a ƙarƙashin masu ɓ da ɗ da ƙ, saboda a nan yaranmu ke tuntuɓe, su rubuta "kafa" alhali ƙafa suke nufi. Wata kaka daga cikinmu ta yi musu kacici-kacici da tatsuniyar gizo da ƙoƙi. Maza suka yi langa a fili, mata suka zauna carafke.

A ganin kwamiti, wannan ya fi bikin yaye 'yan nazare da ake ɗinka wa rigunan digiri a yi hayar rumfa da kujeru, uba na ciyo bashi. A watan Agustan 2025 gwamnatin Jihar Imo ta hana irin wannan biki ga 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare. Mu ba mu jira doka ba, namu bikin yayen mun bar shi ga 'yan aji shida kaɗai.

Ranar Yara ta 27 ga Mayu mun yi ta cikin gida, ba mu je fareti ba saboda tsadar mota.

Bana muna so a haɗa da 'yan aji biyu a bikin kwana 100, kuma a gama da rufin aji uku kafin damina. Ma'aji zai karanta shiga da fitar kuɗi a taro mai zuwa, kowa ya zo da rasiɗinsa.

Sakataren Ƙungiya