Wasiƙar ƙarshen zango: maganar yunifom da laka, da shirin lesin ɗin hutu

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Barkanmu da damina, ya sanyin Jos?

Bari in fara da abin da aka fi kawo mana ƙorafi a kai wannan zangon, wato yunifom. Iyaye mata da yawa sun tare ni a bakin get suna cewa Anti wai me kuke yi da yaran nan ne ranar Laraba, yaro ya fita fes ya dawo kamar wanda ya je kwaɓa ƙasar gini. Kuna da gaskiya, mun san tsadar omo yanzu, ga rana ba ta fitowa balle wanki ya bushe. Laifinmu ne da ba mu ce a sa musu kayan gida ba tun farko, a yi mana afuwa. Amma fitar kam ba za mu daina ba, ku ji dalili.

Bayan ajin 'yan nazire akwai wani ɗan rami da ruwa ke kwanciya, nan yara suka gano talibambam. Muka ɗebo kaɗan a bokiti muka ajiye bakin taga, kullum da safe kafin a ajiye jaka sai an leƙa. Rannan wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta rugo ofis tana haki, wai Anti kifina ya yi ƙafa! Ƙafafun baya ne suka fara fitowa, daga baya na gaba, wutsiyar tana ƙanƙancewa har ta ɓace, sannan muka mayar da su ramin. Wannan darasin yana cikin littafin sayans na 'yan firamare, ana haddace shi a manta, su kuwa waɗannan yanzu ko cikin barci ka tashe su za su ba ka labarin yadda kwaɗo ke zama kwaɗo.

Haka waken da suka shuka a gwangwanin madara. Cikin kwana 4 zuwa 5 ya tsiro, kowa yana auna nasa da tsinken tsintsiya yana ƙirga ganye, to ga lissafi nan ya shigo ba allo ba bulala. Gwangwani ɗaya da gangan muka kulle shi a kabad, ya zuƙe ya yi tsawo amma fari fat ba ƙwari, su da bakinsu suka ce ai rana ce bai samu ba.

Saboda haka lesin ɗin hutu na watan Agusta rabinsa a waje za a yi shi, in ruwa ya bari. Muna kuma neman izinin kai 'yan manyan cikinsu dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, ƙarƙashin Jami'ar Jos. An ƙirga tsuntsaye sama da kala 300 a wurin, abin kunya da yawanmu haifaffun garin nan ne amma ba mu taɓa takawa ba, ni ma sai bara. Ƙananan kuma Wildlife Park, gidan namun dajin nan na Jos, za mu kai su. Fom na cikin jakar kowane yaro, wanda ba a sa wa hannu ba ba zai hau mota ba, dan Allah kar a zo ana roƙo da safe.

Sai maganar da ta fi damuna. Hutu ne, yara za su yi ta yawo, kuma mun koya musu leƙe-leƙen ruwa. Kududdufan da aka bari bayan haƙar kuza, irin na wajen Rayfield da Bukuru, ba irin raminmu na bayan aji ba ne, suna da zurfi sosai, gefensu santsi, da damina kuma cike suke taf. Mun faɗa musu, ku ma ku maimaita, ba zuwa bakin ruwa sai da babba. A ja musu kunne kan ƙerana da ake shinge da ita, farin ruwan nan nata in ya shiga ido masifa ne. Kar su cusa hannu ƙarƙashin dutse ko cikin rami saboda maciji da kunama, in an fara tsawa kuma a shigo ɗaki, ban da fakewa gindin bishiya.

Ranar fita a sa wa yaro tsofaffin kaya da suwaita, takalmin roba mai rufi, silifas yana maƙalewa a laka. A haɗo da gorar ruwa da rigar ruwa in akwai, in babu ko babbar leda ta isa. Mai asma ko wanda sanyi ke saurin kamawa a gaya wa malamar ajinsa. Masu gwangwanayen madara da ba a amfani da su a turo mana, za mu gwada masara da gyaɗa wannan karon.

Shugabar sashen nazire