Akwatin Kuɗin Maganina Ya Shiga Tsakanina da Yayata

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekarata 46, 'ya'yana biyar. Ina roƙon a sakaya sunana.

Shekara shida ke nan da aka ce ina da hawan jini, tun bayan haihuwar autana. Likita ya ce ƙwaya ɗaya kullum ba fashi, ko ina jin ciwo ko ba na ji. Na ji kuma na yarda, domin hawan jini ne ya shanye wa mahaifinmu ɓarin jiki muna ji muna gani. Amma duk da haka ban taɓa haɗa wata biyu ina sha a jere ba. Albashi na shigowa sai in fara da bashin mai shago, ga ankon bikin maƙwabta, ga gudummawar suna, ga data. Kafin 10 ga wata kuɗi sun yi ƙasa. Sai in je kemis in sayi kati ɗaya mai ƙwaya goma, in ce sauran sai an kwana biyu. Da zarar kaina ya daina sarawa, shi ke nan na manta hanyar kemis.

Bara ina tsaye gaban allo da alli a hannuna, ina rubuta wa 'yan aji uku jadawalin sau bakwai, sai na ga allon yana juyawa. Farkawa na yi a asibiti. Awon jinina 190 bisa 110. Kwana uku na yi a kwance, kuma abin da aka kashe ya fi kuɗin maganina na shekara guda.

Cikin masu dubiya har da ƙanin maigidana, wanda ya karanta tattalin arziki a jami'a. Shi kaɗai ne bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi abin da ke damuna ba jahilci ba ne, hali ne na ɗan Adam, kuma akwai reshen ilimi guda da ke nazarin yadda muke sanin daidai mu kasa aikatawa. Ya ce a kansa Daniel Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002, Richard Thaler kuma a 2017. Abin da ke gaban ido yau, in ji shi, yana rinjayar abin da ke can gaba komai girmansa. Na duba na ga haka ne. Anko yana da rana, yana da uwar biki da za ta dube ni idan ban yi ba. Shanyewar jiki kuwa ba ta sa rana ba, ba kuma wanda zai tare ni a hanya ya ce yau kin sha magani? Ya ƙara da cewa zafin rasa abu yakan kai kusan ninki biyu na daɗin samun irinsa, shi ya sa zare ₦9,000 lokaci guda a miƙa wa mai kemis yake ciwo, alhali lafiyar da na saya ba a ganinta a hannu. Tura kuɗi ta waya kuma ba ya cizo kamar ƙirga takardu, sai su zurare ban sani ba.

Abin da ya fi shiga raina shi ne wani bincike da Pascaline Dupas da Jonathan Robinson suka yi a yammacin Kenya, aka wallafa a 2013. Sun raba wa masu adashi ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo da ƙofar jefa kuɗi, aka ce na lafiya ne. Waɗanda aka bar wa makulli a hannunsu, abin da suke kashewa wajen kare lafiyarsu ya ƙaru da kimanin kashi 66 cikin 100. Waɗanda aka riƙe wa makullin kuwa ba su samu irin wannan ƙarin ba. Na ce ashe asusun ƙasa ne da muke fasawa da salla muna yara, suna kawai aka raɗa masa.

Da aka sallamo ni na sa maƙeri ya yi min akwati, na rubuta "asibiti" a jikinsa da fenti, makullin na ɗaure a bakin zanen da ke ƙasan adakata. Ranar da albashi ya shigo ba na wucewa gida sai na biya kemis na sayi na wata cif, na kuma cire ₦8,000 a POS na jefa a akwatin. Maganin na ajiye shi a kan daddumata, in na idar da asuba hannuna na kai. Anti, wata takwas ban yi fashin kwana ɗaya ba. Awona na ƙarshe 130 bisa 85, har ma'aikaciyar jinyar ta ce min sannu da ƙoƙari.

To ga inda gizo ke saƙar. Watan jiya Yayata ta zo, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta yi min kayan ɗaki. Mijinta ya rasu, ɗanta zai zana jarrabawar fita sakandare, kuɗin rajista sun gagara, tana neman ₦40,000. A lokacin akwai ₦64,000 a akwatin, yana ƙarƙashin gadon da take zaune a kai. Na ce, "Yaya, ba ni da su yanzu." Na ba ta ₦5,000 daga jakata. Ta yi godiya, ta gyara mayafinta ta tafi. Bayan kwana biyu autana ya faɗa wa 'yarta cewa Umma tana da akwatin kuɗi. Yaya ta kira ni, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Da kin ce min akwai amma ba za ki taɓa ba, da ya fi min sauƙi." Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Zoben hannunta ta sayar ta biya.

Ƙanin maigidana ya ce abin da akwatin yake yi ke nan, a Kenya ma ya taimaki mutane su iya cewa a'a idan an roƙe su, domin kuɗin da aka sa wa suna ba ya cikin na kashewa. Na fahimci hakan, amma a nan na rabu da shi. Ranar da na faɗi a aji, Yaya ce ta sayar da tunkiyarta ta zo ta kwana uku a tabarma gefen gadona. Kafin in mallaki akwatin ƙarfe, ita ce akwatina. Ban ga yadda za a ƙirga hana ta a cikin nasara ba.

A gida ma bakin bai zo ɗaya ba. Surukata ta ce tara kuɗin ciwo kiran ciwo ne, in bar wa Allah. Maigida ya ce mata ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, amma shi ma yana ganin na yi wa Yaya ba daidai ba. Ni kuma tsorona ɗaya: na san halina. Idan na buɗe akwatin nan sau ɗaya don abin da ba asibiti ba, gobe zan buɗe don anko, in koma sayen ƙwaya goma-goma. Ina da yara ƙanana, kuma na ga yadda mahaifinmu ya yi shekara huɗu sai an kwantar an tayar.

Anti, don Allah ki taimake ni. Cewar da na yi ba ni da su, ƙarya ce da zan nemi gafara a kanta, tunda makullin yana hannuna? In fasa akwatin in kai wa Yaya ta karɓo zobenta, ko in bar shi in nemi wata hanya, ko da kwasar adashina ta watan gobe ce? Na yi tunanin yin akwati na biyu in rubuta "zumunci", sai dai albashin bai kai a raba uku ba. Kuma idan na je gidanta, da wace magana zan fara, tunda ban taɓa saɓa mata ba sai wannan karon?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Wata malama daga Zariya