Dokar Amurka ta 1964 da koken fararen fata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar da ta yi zafi a Amurka, inda wasu 'yan siyasa ke cewa a yau fararen fata ne ake nuna wa wariya, kuma dokokin kare haƙƙin ɗan ƙasa sun zama makamin da ake sarar su da shi.

Abin da masu wannan koke ba su cika faɗa ba shi ne dokar da Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu ranar 2 ga Yuli, 1964, ba ta ware wata ƙabila ta ce ita kaɗai za ta kare ba. Sashe na bakwai na dokar ya haramta wa mai ɗaukar ma'aikata bambanta mutane saboda launin fata, ko jinsi, ko addini, ko ƙasar asali. A shekarar 1976 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar McDonald, wadda ta taso bayan wani kamfanin sufuri ya kori Turawa biyu bisa zargin satar kaya, ya kuma ƙyale abokin aikinsu baƙar fata wanda aka zarga da laifi iri ɗaya. Wanda ya rubuta hukuncin da ya ce dokar tana kare Turawan nan shi ne Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zauna a kotun, mutumin da ya yi shekaru yana yaƙi da wariya a makarantu. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai cewa an yi dokar ne don a danne fararen fata ya sake tunani.

Ba na musun cewa an zalunci wasu Turawa da sunan gyara. A 1978 kotun ta soke tsarin makarantar likitanci ta Jami'ar California da ke Davis, wadda ta keɓe gurabe 16 daga cikin 100 ga 'yan tsiraru. A 2009 ta ba 'yan kwana-kwana na birnin New Haven gaskiya, bayan hukumar birnin ta yi watsi da sakamakon jarrabawar ƙarin girma don kawai babu baƙar fatar da makinsa ya kai a ɗaga shi nan take. Mutum ya sayi littattafai, ya hana idonsa barci, ya ci jarrabawa, sannan a ce masa an fasa saboda launin waɗanda suka ci. Duk mai adalci ya san wannan cuta ce. A watan Yunin 2023 kuma kotun ta hana Jami'ar Harvard da ta North Carolina duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Sai dai a lura, waɗannan masu ƙara duka da dokar 1964 ko da gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka, wanda ya ba kowa kariya daidai a gaban doka, suka kafa hujja, wato inuwar da ake cewa ta kore su ita ce suka fake a ƙarƙashinta.

Inda na rabu da masu koken shi ne lokacin da suka tashi daga cewa an cuci wane da wane, suka koma cewa fararen fata ne al'ummar da ta fi shan wuya a ƙasar. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaiciyar dukiyar iyalin farar fata ta kai kusan dala 285,000, ta iyalin baƙar fata kuwa ba ta kai dala 45,000 ba. Wannan giɓi yana da asali, domin tun daga shekarun 1930 hukumomin gwamnati sun riƙa ja wa unguwannin baƙaƙe jan layi a taswira, bankuna suna hana su rancen sayen gida, kuma sai a 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje. Gida shi ne babban abin da talakan Amurka ke bar wa 'ya'yansa, saboda haka wanda aka hana kakansa saye yana ɗauke da asarar har yau.

Masu cewa haɗin kan ƙasa ne ya dame su suna da hujja idan suka nemi a daina raba gurabe bisa launi, kuma kotu ta riga ta biya musu wannan buƙata. Amma a watan Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya soke umarnin da Johnson ya bayar a 1965, wanda ya wajabta wa kamfanonin da ke karɓar kwangilar gwamnatin tarayya su nuna matakan da suke ɗauka don kauce wa wariya. Tunda an rufe waccan ƙofa, nauyi ya koma kan waɗanda suka rufe ta su bayyana yadda za a taimaki talaka bisa talaucinsa, ko Bature ne daga tsaunukan West Virginia ko baƙar fata daga Mississippi, domin har yanzu sokewa ta fi yawa a bakinsu fiye da abin da za a kafa a madadinta.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku