Kai yara ƙanana gidan tsoratarwa na Halloween: Hajiya, me za mu ce wa iyayensu?

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Mu mata ne masu rainon yara a Bronx, cikin birnin New York, kuma da yawa daga cikin yaran da ke hannunmu 'ya'yan Hausawa ne daga Gana, Nijar da Najeriya. Da zarar Oktoba ta kama, ba abin da ke bakinsu sai Halloween, har ranar 31 ga wata. Hukuncin bikin a addini mun bar wa malamai. Damuwarmu ita ce gidajen tsoratarwa da ake buɗewa a wannan wata, domin wasu iyaye maza sun dage a haɗa ƙanana da yayyensu a kai su, wai yaro ya saba da tsoro tun yana ƙarami.

Ga yadda gidan yake. Ana shigar da mutane kashi-kashi, su bi lungu mai duhu, wani wurin sai ɗaya bayan ɗaya. A kowace kwana akwai ɗan wasa a laɓe, fuska a rufe ko an shafe ta da jinin ƙarya, sai an zo daf da shi ya daka tsalle ya kurma ihu. Ga fitila mai walƙiya, ga injin da ke feso hayaƙi har mutum ba ya ganin ƙafarsa, sannan sau da yawa a bakin fita wani zai biyo mutane da zarto mai inji. An cire masa sarƙar yanka, amma ƙararsa tana nan, takan haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali tun daga 85 ake gargaɗi kan lafiyar kunne. A ƙa'ida 'yan wasan ba sa taɓa kowa, to amma wa zai fahimtar da ɗan shekara huɗu haka? Yaron da bai kai shida ko bakwai ba bai gama rarrabe wasa da gaskiya ba. A wurinsa dodo ne ya fito, kuma babansa ne ya kawo shi.

Masu wuraren ma sun san haka. Kamfanin Universal, masu manyan filayen wasanni da shaƙatawa, sun rubuta cewa shirin tsoratarwarsu mai suna Halloween Horror Nights bai dace da wanda bai kai shekara 13 ba. A Fright Fest, shirin Halloween na filayen shaƙatawa na Six Flags, shirin rana na iyali ne, masu tsoratarwar sai da yamma suke fitowa. Sai dai galibi shawara ce kawai, ba a hana mai tikiti shiga da ɗansa. Ga kuma batun lafiya: hayaƙin nan yana iya tayar da asma, walƙiyar fitilar kuma tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu.

Hajiya, ta yaya za mu yi wa iyayen nan magana ba tare da an ce mun shiga sharo ba shanu ba? Yaya za a yi da 'yan shekara takwas zuwa goma da ke ta naci da kansu? Wanda kuma aka riga aka kai, yanzu yana firgita cikin dare, me za a yi masa?

Naku, masu rainon yara, Bronx.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari.

Kada ku tari uba a gaban 'ya'yansa, kuma kada ku ce masa ya yi kuskure. Ku bi ta wurin uwar yaran, ku nuna mata gargaɗin shekarun da masu wurin suka rubuta da kansu, ku haɗa da wani wurin da za a je a madadinsa. A nan kusa da ku gidan namun dajin Bronx yana shirya bikin yara mai suna Boo at the Zoo da rana a watan Oktoba, kuma a garin Croton-on-Hudson da ke arewa da birnin New York ana baje kabewa sama da 7,000 da aka sassaƙa aka haska, ba mai yi wa yaro ihu. Yaro yana koyon jarumtaka ne idan tsoron kaɗan ne kuma yana da ikon cewa a tsaya. Wanda aka ja shi cikin duhu yana kuka, abin da zai koya shi ne kukansa ba ya hana komai.

Su kuwa masu nacin nan, a fara buga waya a tambaya ko ana zagayen rana da fitilu a kunne, wanda 'yan wasa ba sa ihu a cikinsa. A tambayi minti nawa ake yi a ciki da inda ƙofofin fita suke a tsakiyar hanya. Babba ɗaya ya riƙe yaro ɗaya, yaron ya kasance a tsakiyar layi, domin na gaba da na baya su aka fi tsorata. A yi yarjejeniya tun daga gida: ya matse hannu sau biyu, a fita nan take, ba tsiya, ba dariyar yayye. A sa masa abin toshe kunne, a je da wuri don kada a haɗa tsoro da gajiya. Mai asma ko farfaɗiya kada ya shiga ko da ya yi kuka. Alewar da za a ba su a can ma a duba takardarta, irin mai danƙo sau da yawa da jelatin na alade ake yin ta.

Wanda ya riga ya firgita, kada a ce masa ba komai, domin shi ya ga komai. A bar shi ya faɗi abin da ya gani da rana, a nuna masa bidiyon yadda ake yi wa ɗan wasa kwalliya daga fuskarsa ta gaskiya har a gama. A bar ƙaramar fitila a ɗaki, a yi masa addu'ar barci yadda aka saba, a kashe talabijin awa guda kafin kwanciya. Idan fitsarin kwance ya dawo, kada a dake shi. Yawanci abin yakan lafa cikin 'yan kwanaki ko makonni, amma idan ya kai wata guda, ko yaron ya ƙi cin abinci ko zuwa makaranta, a kai shi wurin likitan yara.