Gwaggo na son a yi girka, ƙanwata ta ajiye maganin asibiti: ina zan sa kaina?

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da abokan aikinki na wannan fili, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana, domin duk waɗanda zan yi magana a kansu suna raye, wasunsu ma shirinki ba ya wuce su.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara na wani asibitin gwamnati. Mu uku mahaifiyarmu ta bari: yayanmu namiji, ni, sai autarmu mace. Muna ƙanana ta rasu, ƙanwar mahaifinmu ta kwashe mu ta riƙe. Ita ta goya auta, ita ta sayar da awakinta ta biya mini kuɗin makarantar jinya. Ba mu san wata uwa ba sai Gwaggo.

Gwaggo 'yar bori ce. Kakanmu Bamaguje ne daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, ya musulunta a shekarun 1960, lokacin da Sardauna ke rangadin musuluntar da jama'a. Gidan ya karɓi salla da azumi, amma matan ba su saki bori ba, Gwaggo kuma ta gada wurin uwarta. Salla ba ta wuce ta, azumi ba ta sha. A ƙarƙashin gadonta kuwa akwai tsohuwar adaka mai kayan iskokinta, da riga da hula da kwalbar turaren Ɗan Galadima, da baƙin zanen Doguwa. Ina ƙarama na ga wasa da idona. Mai garaya na kaɗawa, mata na kiɗan ƙwarya, ana zuba kirari, sai Gwaggo ta daka tsalle ta dire a zaune, muryarta ta koma ta wani daban. Can ta yi atishawa, a ce ya sauka. Gari na wayewa ta tashi ta dama mana koko, ta kora mu makarantar allo.

Gara in faɗa miki matsayina tun yanzu. Na yarda akwai aljanu, tunda ga sura guda a Alƙur'ani da sunansu. Na kuma san hadisin da ya ce wanda ya je wa boka ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Ban yarda iskokin adakar Gwaggo ke saukar da cuta ko ɗauke ta ba. Yara nawa aka kawo mana a sanƙare ana cewa iska ce, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau?

Amma kuma na ga abin da Gwaggo ke yi wa mata. Mai jego da ta daina magana, ko matar da miji ya wulaƙanta har ta fara zance ita kaɗai, Gwaggo za ta zaunar da ita a ɗaki ta kwana tana saurarenta, ta kira uwar miji ta ce iska ta ce a sassauta wa yarinya aiki. Kuma a sassauta, don abin da ba a ji daga bakin amarya ana jinsa daga bakin iska. Mu a asibiti layi ba ya barin mu mu yi wa uwa tambaya ta biyu. Ta san itatuwa, sabara da marke da hano, ta san wanda ba a ba mai ciki. Inda muka saɓa, muna yin ta a tsakaninmu. Mun daɗe muna ja-in-ja a kan kunun kanwa, ina ce mata kanwa mai yawa na tayar da hawan jini ta wahalar da zuciyar mai jego, har ta rage. A haka muke zaune shekara da shekaru, ban bi ta ba, ban kuma zage ta ba.

Matsalar ta ɓullo ta inda ban zata ba. Autarmu ta yi digiri, tana aiki a Abuja. Bayan aurenta ya mutu ta shiga wani aji na intanet, wata mata ke koyarwa daga ƙasar waje, da Turanci, ana biya da dala. Koyarwar ita ce wai tunaninka ke jawo maka duk abin da ya same ka, arziki ko tsiya, lafiya ko ciwo. Wai akwai cibiyoyi bakwai na ƙarfi a jikin mutum, cakra, in ɗaya ta toshe sai cuta ta shiga. Ta sayi duwatsu masu ƙyalli ta jera a bakin taga, tana ƙona wani busasshen ganye ta zagaya ɗaki da hayaƙin, in ta duba waya ta ga 11:11 sai ta ce saƙo ne ya zo mata. Da na yi magana ta ce, "Yaya, wannan fa ba addini ba ne, kimiyya ce."

Tunda ta ce kimiyya, na bi diddigi. Maganar cakra daga Indiya take, cikin addinin Hindu da na Buddha. Ɗora hannun da suke kira Reiki wani mutumin Japan, Mikao Usui, ya fara shi a 1922. Zancen tunani ke haifar da cuta ya yi ƙarfi ne a Amurka a ƙarni na 19, a hannun wani mai gyaran agogo, Phineas Quimby. Ganyen da take ƙonawa kuwa ibadar 'yan asalin Amurka ce, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. An tsinto nan, an tsinto can, an haɗa an sa farashi. Masu al'adar ma ba su ji daɗi ba. A 1993 shugabannin ƙabilar Lakota, ɗaya daga cikin 'yan asalin Amurkan, suka fitar da sanarwar yaƙi da masu kasuwanci da ibadunsu. A 2009 kuma, a Sedona ta jihar Arizona, wani mai irin wannan koyarwa, James Arthur Ray, ya kwaikwayi bukkar zufa ta ibadarsu, ya cusa mutanen da kowannensu ya biya kusan dala dubu goma, mutum uku suka mutu, kotu ta ɗaure shi shekara biyu a 2011. Na tura mata duk wannan. Amsarta ita ce mummunan zato ya yi mini yawa, shi ya sa nake jawo wa kaina wahala.

Da a nan abin ya tsaya da na ƙyale ta, don na ga ajin ya ɗan dawo da ita hayyacinta bayan sakin. Ta daina kwana kuka, ta koma kula da jikinta. Sai dai tana da 'ya mai shekara 9 da ke da farfaɗiya. Likita ya ɗora ta a kan magani, ta daɗe ba ta faɗi ba. Kwanan baya ta faɗi a makaranta ta fasa leɓe, malamar aji ta tura mata cokali a baki, abin da muke ta roƙon mutane su daina, yara kuma suka watse don an ce musu yawunta na yaɗa cutar. Na tsare uwar da tambaya, sai ta amsa cewa ta daina ba ta maganin. Malamar tasu ta ce ƙwayoyi na toshe ƙarfin jiki, kuma muddin uwa na kallon 'yarta a matsayin mara lafiya, ita ce ke riƙe da cutar. Hajiya, wannan ne ya fi ƙona mini rai. An karɓi kuɗinta, an kuma ɗora mata laifin ciwon 'yarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani yadda ya kamata. Yanke maganin farat ɗaya kuwa na iya kawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa.

Muka yi zaman dangi a gidan Gwaggo. Gwaggo ta ce ita ta san abin da ke faruwa, iskar uwar ita Gwaggon ce ke neman goɗiya, wato wadda za ta riƙa hawa, a cikin jikoki, a kawo yarinyar a yi mata girka, wato a shigar da ita bori. Sai ta juyo gare ni ta ce, "Amma kar a fasa na asibitin, 'yar nan, ai ba sa faɗa da juna." Yayanmu ya miƙe tsaye ya ce wannan shirka ce tsagwaronta, ya rantse sai ya fito da adakar ya cinna mata wuta, kuma daga ranar iyalinsa sun daina cin tuwon gidan. Shi ruƙiyya yake so. Ba ni da ja da karanta wa mara lafiya Alƙur'ani, ni ma ina tofa mata, sai dai na ga masu ruƙiyyar da ke tsula wa yara bulala wai aljani suke duka, su ma kuma wasunsu cewa suke a ajiye ƙwaya. Duwatsun auta kuwa ko kallonsu bai yi ba, ya ɗauka kayan ado ne. Ita autar ta dubi matar da ta goya ta ta ce abin nata duhun kai ne. A ɗakin nan kaf, wadda ba ta taɓa shiga aji ba ita kaɗai ta ce a ci gaba da magani.

Gwaggo ba ta tanka ba. Ta tashi ta ɗora alwala ta shige ɗaki. Ni kuma na yi wa auta tatas a gaban kowa. Da daddare ta turo mini saƙon da har yanzu ban amsa ba: "Ke ma ba ki yarda da na Gwaggo ba. Me ya sa ita kike mata ladabi, ni kike mini dariya?"

Ina da amsoshi, amma ban san ko sun isa ba. Gwaggo na zaune cikin mutanen da take wa magani, in abu ya ɓaci ƙofarta za a buga, ladanta kuma kaza ce da goro. Malamar auta fuska ce a waya, ranar da yarinya ta faɗi ba ta ko san sunanta ba. Gwaggo ba ta taɓa ce wa uwa ke kika jawo wa ɗanki ciwo ba. To amma in na tsaya a kan gaskiya, girka ma ba abin wasa ba ce ga wannan yarinya. Kwanaki za a yi tana killace, ana ba ta jiƙo da hayaƙin da ban san abin da ke cikinsu ba ko yadda za su haɗu da ƙwayarta, ga kiɗa da rashin barci, kuma rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. Bayan haka sunan 'yar bori zai bi ta har gidan miji. Ga kuma abin da addinina ya ce. Ba zan yarda a yi ba. Kenan ladabin da nake wa Gwaggo, na gaskiya ne, ko tsoron ɓata mata rai ne saboda awakin da ta sayar? Zafin da nake wa auta kuma, don ta saka 'yarta a haɗari ne, ko don ita ce ƙarama, ita zan iya?

Ina yawan tuna ayar Suratul An'am, ta 108, da ta hana zagin abin da wasu ke kira ba Allah ba, da ta Luƙman, ta 15, da ta ce kar a bi iyaye a kan shirka amma a zauna da su da kyautatawa a duniya. Ina kuma tuna Nana Asma'u 'yar Shehu. Matan karkara da ta tarar cikin bori, ta kafa musu 'Yan Taru, ta naɗa jajis masu kai musu karatu har gida, ta ɗora musu malfa irin wadda Innar Gobir, shugabar bori, ke sawa. A makaranta ma an koya mana yadda Farfesa Lambo ya buɗe tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, yana aiki tare da masu maganin gargajiya wajen kula da masu taɓin hankali. Sai dai su manya ne masu faɗa a ji. Ni a gidanmu 'yar tsakiya ce, gaba yaya, baya ƙanwa, ga uwa a gefe.

Yanzu yarinyar na wurina hutu, ina ba ta maganinta safe da dare, likita ya sake duba ta. Hutu na ƙarewa uwarta za ta zo ta ɗauke ta. Maigidana ya ce in fita harkar, kowa ya ji da 'yarsa.

Don haka nake neman shawararki, Hajiya. Da wane baki zan ce wa Gwaggo ba za a yi girka ba, ba tare da ta ji na koma layin masu ce mata mushirika ba? Auta kuma, in lallaɓa ta in ce ta riƙe duwatsunta da hayaƙinta muddin za ta ba yarinya magani, ko yin haka munafunci ne tunda na san abin ba shi da tushe? In ta ƙi, ina da hurumin in sanar da uban yarinyar, alhali na san zai iya ƙwace ta ya kai wa matarsa? Yayanmu kuma ba na so ya taɓa adakar nan. Ki taimaka ki kai tambayar ga malaman da ke zuwa filinki: hana shi ƙonawar, taimakon ɓarna ne ko kiyaye zumunci?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Taki,
Wata mai sauraro daga Katsina